AMSAR WASIƘUNKU: Zafin Bazara Da Ruwan Gishirin Kaji

 Wannan fili ne da muke buga amsoshin da muka bayar a rediyo, domin wanda bai samu ji ba ya karanta, wanda kuma ya ji ya ajiye saboda gaba. Tun da bazara ta kama, wasiƙun da suke zuwa mana a kan kaji sun fi na komai yawa, kuma kusan duk kukan ɗaya ne, wato zafi na kashe kaji. Mun zaɓo guda 4 waɗanda amsarsu za ta wadatar da sauran.

TAMBAYA TA 1

Wani mai sauraronmu daga Gumel ya ce kajinsa da rana sai su buɗe baki suna haki, su saki fukafukai, su ƙi cin abinci, har manya 3 sun mutu tsakanin azahar da la'asar. Ya je shagon magungunan dabbobi an ce ya sayi wani gari na leda da ake kira ilaktirolait. Yana tambaya, mene ne wannan gari, kuma magani ne ko kuwa?

AMSA

To Malam, Allah Ya mayar da alheri. Kafin mu gaya maka abin da ke cikin ledar, bari mu gaya maka abin da ke faruwa a jikin kazar, don in ka gane wannan, sauran duk mai sauƙi ne.

Zafin jikin ɗan Adam digiri 37 ne. Na kaza kuwa wajen digiri 41 ne zuwa 42, ga kuma rigar gashi da ba ta iya tuɓewa. Abin da ya fi wannan, kaza ba ta yin zufa ko kaɗan, domin ba a halicce ta da ƙofofin gumi ba. Yanayin da ta fi jin daɗi shi ne daga digiri 18 zuwa 24, kamar safiyar ƙarshen damina. Da zarar zafi ya doshi digiri 30 sai ta fara wahala. To ka auna da watan Afrilu, lokacin da zafi ya kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai. A Afrilun 2024 ma an auna fiye da digiri 48 a garin Kayes na ƙasar Mali.

Tun da ba zufa, dabarar da ta rage wa kaza ita ce ta ɗaga fukafukai iska ta shiga, ta tono ƙasa mai sanyi ta kwanta, sa'an nan ta yi haki. Hakin nan shi ne fankarta. Ruwan da ke maƙogwaronta da huhunta ya kan tashi ya fita da zafi. Amma fa hakin yana da kuɗinsa. Na farko, ruwan jikinta yana ƙarewa. Na biyu, saurin numfashin yana fitar da iskar nan ta kabon fiye da yadda ya kamata, sai ma'aunin jininta ya karkace. Domin ƙodarta ta gyara wannan karkata, sai ta riƙa zubar da wasu gishirin jiki ta cikin kashi. Ga shi kuma ta rage cin abinci, balle ta mayar da abin da ta rasa.

Waɗannan gishirin jiki su ne ake kira ilaktirolait. Manyansu su ne sodiyam da kulorayid, waɗanda su biyun ne suka haɗu suka zama gishirin miya, sai fotasiyam, sai baikabonet. Su ne ke riƙe ruwa a jiki, su ne kuma ke sa zuciya da jijiyoyi su yi aiki daidai. In sun yi ƙaranci sai ka ga kaza ta yi laƙwas, tana tangaɗi, daga nan sai faɗuwa.

Saboda haka garin da aka nuna maka ba maganin cuta ba ne. Gishirin nan ne aka auna aka haɗa, galibi da sukarin gulukos da bitamin. Aikinsa shi ne mayar wa kaza abin da haki ya cinye. Ba ya rage zafin rana ko da digiri ɗaya. In ka bar kaji a ɗakin kwano ba taga, ko ka zuba musu leda 10 sai sun mutu. Don haka ga abin da za ka fara yi, tun kafin ka kashe ko kwabo.

Inuwa da iska. In rufin ɗakin kajinka kwano ne, shimfiɗa kara ko zana ko ciyawa a kansa. Buɗe tagogi ta ɓangarori biyu iska ta ratsa. Kada ka cunkusa su, domin kowace kaza murhu ce ga 'yar'uwarta. Kajin gida masu yawo kuwa, ka bar musu hanyar zuwa gindin darbejiya ko ƙarƙashin rumbu.

Ruwan sanyi. Babbar kaza mai ƙwai ta kan sha wajen rubu'in lita a yini in gari da sanyi, amma da bazara ta kan ninka haka. Ke nan kaji 10 za su iya shanye lita 5. Kaza kuma ba ta son ruwan da rana ta dafa, sai ta tsoma baki ta bari. Ɗebo musu daga randa, ka sa a kasko a inuwa, ka canja da safe, da azahar, da la'asar. Ka sa kasko fiye da ɗaya, don manya kada su hana ƙanana.

Lokacin abinci. Narkar da abinci kansa yana ƙara zafin jiki. Ba su dusa ko tsaba da sassafe da kuma bayan la'asar, ka ɗauke abincin daga hantsi zuwa sanyin yamma, ka bar ruwa kawai.

Yayyafi. A tsakiyar bazara, da yake iska busasshiya ce, yayyafa ruwa a ƙasan inuwar da suke kwanciya yana kawo sanyi ƙwarai. Amma gab da faɗuwar damina, sa'ad da gari ya yi gumi, jiƙa ɗaki ba ya taimako, sai ma ya ƙara musu wahala. A lokacin nan iska suka fi bukata.

In kuwa ka tarar da wata ta riga ta faɗi tana haki, kai ta inuwa maza, ka tsoma ƙafafunta da cikinta a ruwan randa, ba na ƙanƙara ba, ka jiƙa ƙarƙashin fukafukai da zankonta. Sa'an nan ka riƙa ɗiga mata ruwa a gefen baki tana haɗiyewa da kanta. Kada ka ɗura mata, domin ƙofar numfashinta tana nan a gindin harshe, ruwa na shiga sai ta shaƙe.

Bayan ka yi waɗannan, to a nan ne garin ledar zai yi maka amfani. Bi awon da aka rubuta a jikinta, in ba ka iya karantawa ka sa mai shago ya auna maka a gabanka. Kuma ka tambaye shi ko akwai maganin kashe ƙwayoyin cuta a ciki, domin wasu ledojin da ake sayarwa da sunan maganin gajiya an cakuɗa su da irin wannan. Zafi ba ƙwayar cuta ba ne. Ba kaza irin wannan magani ba dalili ɓarnar kuɗi ne, yana sauka a ƙwai da naman da iyalinka za su ci, kuma ran da cutar gaske ta zo sai ka ga maganin ya daina ci.

TAMBAYA TA 2

Wata uwargida daga wani ƙauye kusa da Funtuwa ta ce ita shago ya yi mata nisa. Shin za ta iya ba kajinta ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba yara masu gudawa? Ko kuwa ta jiƙa musu kanwa kamar yadda ake ba tumaki? Ta ƙara da cewa ƙwan kajinta ya ragu, wanda suke yi ma ɓawonsa ba ƙwari.

AMSA

Uwargida, kin yi tunani mai kyau, domin hikimar ɗaya ce. Yaro mai gudawa ruwa da gishirin jiki yake rasawa, kaza mai haki ma haka. Sukarin kuma ba don zaƙi kawai ake sa shi ba, shi ne ke taimakon hanji ya tsotsi gishirin da ruwan da sauri. Sai dai awon yaro ya yi wa kaza ƙarfi. Kaza ba ta jure gishiri kamar mutum ko tunkiya, 'yan tsaki kuwa gishiri kaɗan ya wuce kima sai ya kashe su.

Ga awon da ya dace da manyan kaji. Ki samu ruwa mai tsabta lita 4, wato galan ɗaya, ko kuwa cikin ledar fiya wata 8. Ki zuba:

Gishiri, rabin cokalin shayi.
Bekin soda, rabin cokalin shayi.
Sukari, cokalin shayi 6.

Ki riƙe shi a ka kamar haka: rabi, rabi, shida, a galan ɗaya. Kowane cokali a shafe, ba mai tozo ba. Ki lura kuma, bekin soda muka ce, ba bekin foda na yin kek ba, su biyun ba ɗaya ba ne. In babu bekin sodar, ki yi da gishiri da sukarin kawai, amma kada ki ƙara gishiri wai don ya cike gurbi. Ki ɗanɗana, in kin ji gishiri ya fito sosai a harshenki, to ya yi yawa, ki ƙara ruwa.

Akwai wata hanyar. Ledar nan ta gishiri da sukari da ake bayarwa a asibiti ko a saya a kemis, wadda aka ce a haɗa da lita 1 domin yaro, ki haɗa ta da lita 4 domin kaji. Ta ma fi haɗin gida da abu ɗaya, tana da fotasiyam a ciki. Amma in guda ɗaya ce tak a gidan, ki ajiye wa yara, lafiyar yaro tana gaba da ta kaza.

Sharuɗɗan ba da wannan ruwa guda 5 ne, kuma kowanne da dalilinsa.

Na 1, a ba su a sa'o'in zafi, daga hantsi zuwa la'asar, kwana 3 zuwa 5 a jere, sa'an nan a huta. Ba abin sha ne na kullum ba. In aka daɗe ana ba su, ƙoda ta kan gaji, kashinsu ya zama ruwa, ɗaki ya jiƙe ya yi wari.

Na 2, a ajiye kaskon ruwa zalla a gefe ko da yaushe. Wata kazar in ta ji ɗanɗanon da ba ta saba ba sai ta ƙi sha, ƙishirwa kuwa ta fi rashin gishiri saurin kisa.

Na 3, a haɗa sabo kullum, a zubar da na jiya, a wanke kasko. Ruwan sukari a cikin zafi ba ya kwana, tsami yake yi, ga ƙuda da kiyashi.

Na 4, a zuba a kaskon ƙasa ko roba. Gishiri yana cin kwanon ƙarfe.

Na 5, in ruwan rijiyarku ko burtsatsenku na zartsi ne, to da ma da gishirinsa, kada ki ƙara wani. Haka nan in abincin buhu na kamfani kike ba su, an riga an sa gishiri a cikinsa, sai ki tsaya a kwana 3.

Batun kanwa kuwa, gaskiya ne 'yar'uwar bekin soda ce, kuma tun kaka da kakanni ake kawo ta daga wajen Tafkin Chadi da ƙasar Manga ana ba dabbobi. Amma ta fi bekin soda kaifi, ƙarfinta kuma ba ɗaya ba ne. Ungurnu daban, jar kanwa daban, wata ma rabinta ƙasa ce, don haka ba ta aunuwa da cokali. Ko da yake a kasuwa wasu na ce mata fotash, fotasiyam ɗin da ke cikinta kaɗan ne, yawancinta sodiyam ne. In ita kaɗai gare ki, gutsure kamar ƙwayar gyaɗa ɗaya ya isa galan guda, a madadin bekin soda, ba tare da ita ba. 'Yan tsaki kuwa kada ki ba su kanwa sam.

Sai maganar ƙwai. Yawancin abin da ke cikin ƙwai ruwa ne, kazar da ba ta ƙoshi da ruwa da abinci ba dole ta rage yi. Ɓawon kuma da alli ake gina shi, wato kalsiyam haɗe da kabonet, shi kuwa kabonet ɗin daga iskar nan da haki ke fitarwa jiki yake samo shi. Shi ya sa ƙwan bazara ya kan zo da ɓawo sakayau, ya fashe tun kafin a kai kasuwa. Bekin sodar nan tana taimakawa a nan. Bayan haka ki tara ɓawon ƙwai, ki gasa shi a kasko, ki daka ya yi laushi yadda ba za su gane shi ba balle su koyi fasa ƙwai, ki barbaɗa a abincin yamma, domin da dare ne kaza ke gina ɓawon ƙwan gobe.

TAMBAYA TA 3

Wani ɗan kasuwa mai sarin kaji da zabi a kasuwannin ƙauye yana kaiwa Kano ya ce duk tafiya sai ya yi asarar wasu a hanya, waɗanda suka isa kuma sun rame, mai saye ya karya musu kuɗi. Yana kuma sayar da 'yan tsakin gidan gona. Yaya zai yi?

AMSA

Alhaji, kazar da ke cikin kwando a kan mota wahalarta biyu ce, ga zafi ga firgici. An kama ta, an ɗaure, an girgiza, ba ci ba sha. Ramar da kake gani yawancinta ruwa ne ya fita, kuma kuɗinka ne ya bi iska.

Ka yi lodi da asuba ko bayan magariba. Rage yawan da kake sawa a kwando da bazara, yadda kowace za ta iya kwanciya ba a kan wata ba. Kada ka lulluɓe su da tamfol ko leda, ka sa buhun algarara ko zana daga sama, gefe a buɗe. Wurin da aka fi asara shi ne inda mota ta tsaya a rana, domin iskar tafiya ta yanke. In direba zai tsaya salla ko cin abinci, roƙe shi ya nemi inuwa.

Kafin lodi da kamar sa'a 2, ka ba su haɗin nan da muka faɗa wa uwargida su sha su ƙoshi, amma kada ka cika musu ciki da tsaba. In an sauka, ruwan za ka fara ba su a inuwa, sai sun natsu sa'an nan abinci. In kana da hali, nemi garin bitamin C a shagon dabbobi. Kaza tana yin nata bitamin C a jikinta, amma a cikin zafi da wahala ba ya isarta. Likitocin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun gwada ba kaji shi kafin a ɗauke su a mota da bazara, sun kuma ga yana rage musu wahalar tafiya.

'Yan tsakin gidan gona kuwa, da yawansu daga wajen Ibadan ake ɗauko su, sun kwana a hanya cikin kwali. Da isarsu ka ba su ruwa mai ɗan sukari, cokalin shayi 4 a lita 1, ba gishiri ba kanwa. Tsoma bakin kaɗan daga cikinsu a ruwan, sauran za su koya. Bayan sa'a 2 ko 3 ka sa abinci, washegari ka koma ruwa zalla. Ka gaya wa masu saye a hannunka haka, domin in tsakinsu sun rayu wurinka za su dawo. Ka kuma gaya musu cewa manyan kajin nama na gidan gona, masu nauyin nan, su ne zafi ya fi saurin kashewa. Kajin gida sun fi su juriya, musamman masu sanƙon wuya.

TAMBAYA TA 4

Wani daga ƙasar Maraɗi ya ce ya yi mako guda yana ba kajinsa ruwan gishiri da sukari amma mutuwa ba ta tsaya ba. Suna zawo kore, suna gyangyaɗi, wasu wuyansu ya murɗe.

AMSA

Malam, wannan ba zafi ba ne, kuma ruwan gishiri ba zai tsayar da shi ba. Ga yadda za ka bambance. Kazar da zafi ya dama da rana take wahala, in yamma ta yi sanyi sai ta miƙe ta nemi abinci, kuma manya masu ƙiba ne ke fara faɗuwa. Mai cuta kuwa dare da rana a takure take, gashi a tashe, ido a lumshe, ba ta warwarewa da sanyin yamma, kuma abin yana bin gida-gida.

Alamun da ka faɗa sun yi kama da annobar nan da likitoci ke kira Niyukasil, wadda ta fi ɓarna da hunturu amma ba ta da lokacin da ba ta zuwa. Ba ta da magani, sai rigakafi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom, kusa da Jos, tana yin maganin rigakafinta, har da irin wanda ke jure zafi domin kajin ƙauye, a kan ɗiga shi a ido ko a sa a ruwan sha. A Nijar ma ma'aikatan dabbobi suna yin rigakafin wannan cuta. Ranar da za a ba su na ruwan sha, a sa shi a ruwa zalla da sanyin safiya, kada a cakuɗa da ruwan gishiri.

Yanzu abin yi shi ne ka ware marasa lafiya, ka binne matattu da zurfi, kada ka jefar a bola, kada kuma ka kwashi ragowar ka kai kasuwa, don cutar za ka raba wa 'yan'uwanka. In kuwa mutuwar ta zo farat ɗaya, kaji da yawa cikin kwana 1 ko 2, zanko ya yi shuɗi-shuɗi, kai ya kumbura, to a ji tsoron murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ita a Nijeriya a 2006 a Jihar Kaduna. Wannan tana iya kama mutum. Kada a yanka, kada a ci, kada yara su taɓa, a sanar da ma'aikacin dabbobi mafi kusa a ranar.

To jama'a, a nan za mu dakata a wannan mako. Wanda ya karanta ya karanta wa maƙwabcinsa, musamman matan gida, tun da yawancin kajin ƙauye a hannunsu suke. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku, ku faɗi garinku, irin kajin, yawansu da alamun da kuka gani, domin amsa ta zo daidai. Allah Ya raba mu da asara, Ya kawo damina mai albarka. Mu kwana lafiya.